Daga gidan maɗori zuwa ɗakin tiyata: waɗanda suka koya wa duniya gyaran kafaɗa da gwiwar hannu



Duk wanda ya ratsa Tudun Wada a nan Kaduna da hantsi, ya leƙa Kasuwar Barci, ya gangara tsohuwar Panteka kusa da Kwalejin Kimiyya da Fasaha, zai ga cewa abincin unguwar nan da hannu ake nemansa. Maƙeri na ɗaga guduma, mai walda ya kafe hannu sama da kai yana haɗa ƙyaure, ɗan dako ya saɓa buhu, uwar gida na tuƙa tuwon mutum goma sha. Jarinsu duka gaɓoɓi biyu ne, kafaɗa da gwiwar hannu, kuma su ne aka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Mai ciwon ƙafa kowa na ganin ɗingishinsa, a tausaya masa. Mai ciwon kafaɗa kuwa da ƙafafunsa yake yawo, sai a ce ai da sauƙi, alhali ya yi wata uku bai iya kai loma baki da dama ba.

In aka yi faɗuwa a unguwar nan, ƙofa biyu ce. Ta farko asibiti: ga na Yusuf Ɗantsoho a cikin Tudun Wada, in abin ya yi tsanani a miƙa Barau Dikko ko asibitin sojoji na 44, ko a kama hanyar asibitin Shika, ko a zarce asibitin ƙashi na Dala a Kano. Ta biyu gidan maɗori, kuma gaskiyar magana can akasarin jama'a ke fara zuwa. Ba wauta ke kai su ba. Maɗori maƙwabci ne, ba ya cewa a yanki kati, ba ya cewa a ajiye kuɗin aiki kafin ya taɓa. Abin da ya samu ake ba shi, in an warke a koma da goro. Ga kuma tsoron nan da ya yi kaka-gida a zukata, wai asibiti yanka suke yi. Likitoci na ganin maɗora na ɓata musu aiki, maɗora na ganin an raina gadon iyayensu, mai karaya yana tsakiya da hannu a rataye.

Abin da ba kasafai ake faɗa ba shi ne, sana'ar likitan ƙashi ita kanta a gidan maɗori aka haife ta.

Ilmin ɗori a rubuce ya daɗe. A Ƙurɗuba ta Andalus, Abul Ƙasim al-Zahrawi, wanda ya rasu wajen shekarar 1013, ya rufe littafinsa Al-Tasrif mai juzu'i 30 da juzu'in tiyata, kuma kashi na uku na juzu'in kacokan kan karaya da gocewar gaɓa yake. An fassara shi da Latin a ƙarni na 12, Turawa suka yi ɗaruruwan shekaru suna karatu da shi. Amma siffar da aikin ya ɗauka ta zamani, daga Liverpool ta Ingila ta taso, garin da matasanmu suka fi sani da ƙwallo. A ƙarni na 19 akwai wani maɗori a can mai suna Evan Thomas, gadon gidansu ne tun kakanni a tsibirin Anglesey na yankin Wales. Bai taɓa shiga makarantar likita ba, amma gidansa cike yake da ma'aikatan tashar jiragen ruwa. Likitocin garin suka sa shi gaba, aka kai shi kotu ba sau ɗaya ba, yana kuɓuta. Abin da ya yi game da wannan tsangwama shi ne abin lura: ya tura 'ya'yansa maza biyar karatun likita.

Babbansu, Hugh Owen Thomas, da aka haifa a 1834, ya samu takardar shaidar tiyata a 1857. Ya ɗan zauna da uban, ra'ayi ya saɓa, ya buɗe nasa wurin a titin Nelson. Ga hannun gado, ga sanin abin da ke ƙarƙashin fata da ya samo a Edinburgh da Landan. A cikin gidan ya ajiye maƙeri da baduku suna ƙera masa ƙarafan ɗori daidai jikin kowane majinyaci, aikin da ba zai gagari mutanen Panteka ba in aka ba su awo. Ranar Lahadi kyauta yake duba talakawa. Ratayen nan mai sauƙi da ake yi wa mai ciwon gwiwar hannu, igiya daga wuya zuwa wuyan hannu, shi ya fito da shi. Ɗan ɗan'uwan matarsa, Robert Jones, a gidan ya tashi ya koyi aikin. Daga 1888 shi ne likitan ma'aikata kusan 20,000 da ke haƙa mashigin jiragen ruwa na Manchester, ya jera wuraren agajin gaggawa da asibitoci a tsawon aikin. Da aka shiga Yaƙin Duniya na Ɗaya, Jones ya sa aka riƙa ɗaura wa sojojin da suka karye a cinya ƙarfen ɗorin Thomas tun daga fagen daga. Mace-macen irin wannan rauni suka faɗo daga kusan 80 cikin 100 zuwa ƙasa da 20.

To me ya raba ɗa da uba, tunda hannun ɗaya ne? Sanin inda jijiya ta bi, wannan ɗaya. Na biyun, bin diddigin yadda majinyaci ya ƙare, wani mutum ne a Amurka ya yi asarar kusan komai nasa a kansa.

Ernest Amory Codman ɗan manyan gida ne a Boston. An haife shi a 1869, ya gama karatun likita a Harvard a 1895, shekarar da Röntgen na Jamus ya gano hasken da ake ɗaukar hoton ƙashi da shi, kuma Codman na cikin na farko-farko da suka rungumi na'urar a garinsu. Ya samu aiki a babban asibitin Massachusetts. Hanya a buɗe take ya girma, ya tara, ya mutu cikin yabo. Sai ya ɗauko wata tambaya da ta hana shi zaman lafiya da abokan aikinsa: wanda aka yi wa aiki bara, yana ina yanzu, kuma ya warke kuwa?

A wancan zamani likita ya yi tiyata, a sallami mutum, shi ke nan. In ya dawo da godiya an ji, in bai dawo ba a ɗauka ya samu lafiya, ko da kuwa yana kushewa. Codman ya ce kowane majinyaci a buɗe masa ɗan kati: me ya kawo shi, me likita ya zata, me aka yi masa, wa ya yi, sannan a neme shi bayan shekara guda a rubuta yadda ya ƙare. In bai warke ba a rubuta dalili, ko kuskuren gane ciwon ne, ko ƙarancin ƙwarewa, ko rashin kayan aiki, ko cutar ce ta fi ƙarfin magani. Ya ƙara da cewa ƙarin girma a asibiti abin da katunan suka nuna ya kamata ya bi, ba furfura ba. Nan fa ya ɗebo ruwan dafa kansa.

A 1911 ya buɗe ɗan ƙaramin asibitinsa, a 1914 ya ajiye aikin babban asibitin. A Janairun 1915, ana tsakiyar taron ƙungiyar likitocin gundumarsu, ya yaye wani ƙaton zane: jimina ta cusa kai cikin yashi tana watso ƙwayayen zinariya, likitocin Boston na tarewa. Jiminar ita ce masu kuɗin garin, masu biya ba tare da tambayar sakamako ba. Taro ya tashi da fushi, aka sa ya sauka daga shugabancin sashen tiyata na ƙungiyar, abokai suka daina turo masa marasa lafiya. Bai ja da baya ba. Ya buga rahoton mutum 337 da aka sallama daga asibitinsa tsakanin 1911 da 1916, ya lissafa kurakurai 123 a ciki da hannunsa, ya baza wa duk mai son karantawa. Ba kowane ma'aikaci ba ne, a kowace sana'a, zai iya tona kansa haka don na baya su amfana, kuma wannan kaɗai ya isa a riƙa ambaton sunansa da girmamawa.

Kafaɗa ce gaɓar da ya fi ba wa zuciyarsa. A 1911 ya ba da rahoton ɗinke jijiyar tsokar da ke ɗaga hannu bayan ta tsinke, a 1934 kuma ya fitar da littafinsa The Shoulder, wanda masana fannin ke ɗauka a matsayin tushe har yau. Ya rasu a 1940 ba shi da wani abin kirki, kabarinsa ya zauna babu ko alama sai a 2014 da ƙungiyoyin likitoci suka haɗa kuɗi suka sa masa dutse.

Me ya sa kafaɗa ta cancanci littafi sukutum? A ƙugu, kan ƙashin cinya cikin rami mai zurfi yake. Kafaɗa ba haka take ba. Kan ƙashin damtse ya fi mazauninsa girma nesa ba kusa ba, zaman ƙwarya bisa gammo yake yi. Abin da ke riƙe da shi leɓen guringuntsi ne da ya kewaye mazaunin, da jakar gaɓa, da jijiyoyin tsoka huɗu da suka lulluɓe shi. Shi ya sa hannu ke kaiwa sama da baya da gefe, shi ya sa kuma babu babbar gaɓa a jikin ɗan Adam da ta kai ta yawan gocewa.

Akwai ciwon da Codman ya bayyana a littafin nan wanda ke cike da gidajenmu. Mace ko namiji, an haura arba'in, kafaɗa ta fara zugi da dare, kwanciya ta wannan gefe ta gagara, sannu a hankali hannu ya ƙi tashi. Ɗaura ɗankwali ya zama aiki, sa riga sai an taimaka. A gida sai a ce sanyi ne, a yi ta shafe-shafe da jiƙe-jiƙe. Jakar gaɓar ce ta kumbura ta yi kauri ta tsuke, kuma masu ciwon suga sun fi kowa kamuwa, don haka duk wanda kafaɗarsa ta sandare haka kawai ya kamata a auna masa jini. Ciwon kan ɗauki shekara ɗaya zuwa uku, mafi yawa kuma yana saki ba tare da wuƙa ba. Motsa jikin da Codman ya koyar har gobe shi ake nuna wa mutane a sashen gashin ƙashi: a sunkuya, a dafa tebur da lafiyayyen hannu, a saki mai ciwon yana reto, gaba da baya, sannan zagaye. Ko sisi ba a kashewa.

Na matasa daban ne. An faɗi a filin ƙwallo, ko daga kan babur, ko a fagen dambe, kafaɗa ta goce. An ja, ta koma, kowa ya yi hamdala. Bayan wata biyu yana miƙa kawai ta sake fita, daga nan abin ya zama jiki. Blundell Bankart na Landan ne ya bayyana dalilin a 1923: faɗuwar farko ta yage leɓen guringuntsin nan daga gaban mazaunin, in bai koma wurinsa ba ƙofa ta zauna a buɗe. Maganinsa a ɗinke leɓen a jikin ƙashi, aikin da yanzu ake iya yi ta ƙananan huji da kyamara. A 1954 Michel Latarjet na Lyon a Faransa ya kawo wata dabarar don waɗanda bakin mazaunin ya riga ya cinye: a yanko ɗan ƙashi daga gaban allon kafaɗa a dasa a wurin ya tare. Matashin da kafaɗarsa ta goce kafin ya kai shekara ashirin, fiye da rabi tana sake gocewa, wannan ba gazawar wanda ya mayar ba ce. Abin da ya fi muni shi ne gocewar da ba a gane ba. An ɗauka targaɗe ne, an yi ta murza, mako uku ya wuce, nama ya cike gurbin. A lokacin ja da ƙarfi na iya karya ƙashi ko tsinka babbar jijiyar jinin hammata, sai dai tiyata. Masu farfaɗiya sun fi faɗawa wannan tarko, domin tasu ta baya takan goce, ido ba ya saurin ganewa.

Sai Charles Neer, wanda aka haifa a 1917 a jihar Oklahoma, ya yi rayuwar aikinsa a asibitin Jami'ar Columbia a New York. Kafin shi an taɓa gwada kafaɗar roba da ƙarfe: Jules Péan ya dasa wa wani mai tarin fukan ƙashi a Faris a 1893, bayan shekara biyu aka cire saboda ruɓa. Neer ne a farkon shekarun 1950 ya ƙera kan damtse na ƙarfe da ya zauna, don waɗanda ƙashinsu ya dagargaje har jini ya daina kai masa. A 1982 ya zama shugaban farko na ƙungiyar likitocin kafaɗa da gwiwar hannu ta Amurka, ya rasu a 2011. Duniya ta fi tuna shi da ƙarfen, amma abin da ya fi amfanar talakan Tudun Wada shi ne rabe-raben da ya buga a 1970. Ya duba ɗaruruwan hotunan karayar kan damtse, ya ce a lura da gutsure huɗu, a ɗauki gutsure ya kauce ne kawai in ya matsa da santimita ɗaya ko ya karkace da digiri 45. Da wannan ma'auni ya nuna cewa kusan huɗu cikin biyar na irin karayar nan ba su kauce ba, rataye da motsa hannu a kan lokaci sun wadatar. Wato gwarzon masu tiyatar kafaɗa shi ne ya tabbatar da cewa yawancin masu karayar ba sa bukatar tiyata. Sai dai ba a sanin waye cikin huɗun, waye na biyar ɗin, sai an ɗauki hoto.

A 1985 Paul Grammont na Dijon ya juya ginin gaɓar, ya sa ƙwallon a jikin allon kafaɗa, ramin a kan damtse, don tsofaffin da jijiyoyinsu huɗu suka ƙare. Aiki ne mai ban mamaki, amma da kuɗin waje ake sayen ƙarfen, a ƙasar da mafi yawan marasa lafiya daga aljihu suke biya. Masu bukata kuwa suna nan. Najeriya ce kan gaba a duniya wajen haihuwar masu sikila, kimanin jarirai 150,000 a shekara, kuma bayan kan ƙashin cinya, kan damtse ne wurin da cutar ta fi toshe wa jini har ƙashi ya mutu. Ko inshorar lafiya ta ƙasa da takwararta ta jiha, hukumar KADCHMA, za su kai ga ɗaukar irin wannan nauyi, magana ce da ya kamata wakilanmu su riƙa tayarwa.

Gwiwar hannu ita ce inda zuciya ke karaya, domin ta yara ce. Bazara ta shigo, mangwaro ya nuna, yaro ɗan shekara biyar zuwa takwas ya hau reshe ya zamo, ko ya faɗo daga katanga, ya tokare da tafin hannu. Ƙashin damtse dab da gwiwa siriri ne a wannan shekarun, nan yake ɓallewa. A gabansa kuma babbar jijiyar jinin hannu ta wuce, da jijiyoyin da ke motsa yatsu. Wurin na kumbura sosai a kwana biyun farko. In aka jera kara aka ɗaure tamau tun ranar farko, kumburin ba shi da inda za shi sai ciki, ya matse jijiya, tsoka ta rasa jini. Richard von Volkmann na Halle a Jamus ya bayyana wannan tun 1881, kuma ɗaurin likitocin zamaninsa ya ɗora wa laifin, ba na maɗora kaɗai ba. Filastar asibiti ma in ta matse haka take yi. Tsokar da ta rasa jini awa shida zuwa takwas ta fara mutuwa. In an yi sa'a hannu ya ƙandare, yatsu su lanƙwashe har abada. In ba a yi ba ya yi baƙi, ya fara wari, a iso asibiti a kwana na biyar ko na bakwai babu abin da ya saura sai a yanke don a ceci rai. Daga nan labari ya koma unguwa cewa an kai yaro asibiti sun yanke masa hannu, maƙwabta su ƙara gudu. Rahotannin da likitocin Najeriya suka buga daga asibitoci daban-daban sun sha nuna cewa ɗaurin da ya matse na cikin manyan dalilan yanke hannayen yara a ƙasar nan.

Iyaye mata, ku ne ke kwana da yaron, ku ne za ku fara gani. Kukan da ke ƙaruwa bayan an yi ɗori maimakon ya ragu, yatsu su kumbura ko su yi sanyi ko su canza launi, yaro ya kasa motsa su, ko ya ƙwalla ƙara in an miƙe masa su a hankali: wannan ba ƙashi ne ke haɗewa ba, kuma ba ya jiran gari ya waye. A kwance ɗaurin nan take, a nufi asibiti.

A 1959 John Gartland na Philadelphia ya kasa wannan karaya gida uku: wadda ba ta kauce ba, wadda ta karkace amma bayan ƙashin na haɗe, da wadda ta rabu gaba ɗaya. Ta farko filasta mai sassauci ta ishe ta. Ta ukun a sa yaro barci, a mayar da ƙashin ana kallo ta na'urar hoto, a soke shi da siraran wayoyin ƙarfe biyu ko uku, a zare bayan mako uku ko huɗu. Wayoyin ba su da tsada. Abin da ke tsada shi ne na'urar hoton a ɗakin tiyata, da wutar da ba ta ɗaukewa, da mai ba da maganin barci da tsakar dare. Karayar da aka bari ta haɗe a karkace kuwa, ita ce bauɗaɗɗen hannun da ake gani a jikin manya da yawa, suna cewa tun suna yara suka faɗi.

Bernard Morrey na asibitin Mayo, wanda littafinsa kan gwiwar hannu ya fito a 1985, shi da abokan aikinsa sun auna a 1981 iya motsin da mutum ke bukata don harkar yau da kullum. Suka samu cewa daga digiri 30 zuwa 130 na lanƙwasa, da 50 na juya tafi sama da 50 ƙasa, sun isa yawancin ayyuka. A wurinmu ma'anar wannan awo ita ce loma ta kai baki, ruwan alwala ya kai fuska da ƙeya, tafi ya dafa ƙasa a sujada. Gwiwar hannu gaɓa ce mai saurin sandarewa. Ɗauri na wata biyu yana kashe ta, murza da ƙarfi da sa yaro ɗaukar bokitin ruwa don hannu ya miƙe na iya sa wani ƙashi ya tsiro cikin tsoka ya kulle ta gaba ɗaya. Motsin da mai hannun ke yi da kansa, kaɗan-kaɗan kullum, shi ke dawo da ita.

A gida Najeriya, asibitin Igbobi a Legas ya fara ne a 1943 a matsayin sansanin jinyar sojojin Yaƙin Duniya na Biyu, ya zama asibitin ƙashi a 1945. Na Dala a Kano an buɗe shi a 1959, zamanin gwamnatin Jihar Arewa ta Sardauna, shekarar da Gartland ya buga nasa aikin. Na Enugu ya biyo bayan yaƙin basasa, a 1979 kuma gwamnatin tarayya ta haɗa ukun ƙarƙashin doka ɗaya. Shekaru da dama Dala ce kaɗai irinta a faɗin Arewa, har da maƙwabtanmu na Nijar na zuwa, kafin a amince da ƙarin wasu a Jos da Jalingo da Benin a 'yan shekarun nan. Asibitin koyarwa na jihar Kaduna kuwa sunan Dakta Barau Dikko yake ɗauke da shi, ɗan Wusasa da ya yi karatu a Birmingham ya zama likita na farko daga Arewa.

Samar da likitan ƙashi ɗaya ba wasa ba ne: shekara shida a jami'a, shekarar horo a asibiti, shekarar hidimar ƙasa, sannan kimanin shekara shida na neman ƙwarewa da jarrabawar kwalejin likitoci ta ƙasa ko ta Afirka ta Yamma. Mai son ya keɓanta da kafaɗa da gwiwar hannu galibi sai ya ƙara fita waje. Ɗaruruwa ne kacal ke riƙe da ƙasar da ta haura mutum miliyan 200, wasunsu kuma Saudiyya da Ingila na janyewa. Wanda ya zauna, a rana ɗaya shi ne na karayar cinya, shi ne na ƙashin baya, shi ne na ƙafar jariri da ta lanƙwashe. Sun cancanci addu'a da albashin kirki. Amma lissafin na nuna cewa ko an so ko an ƙi, maɗori zai ci gaba da zama wanda ke fara taɓa hannun yaron Tudun Wada shekaru masu yawa nan gaba, kuma shirin da ya yi kamar babu shi bai fara ba.

Katin Codman ya fi sauƙi yau fiye da zamaninsa, tunda kusan kowane gida da waya. Ma'aikaci ɗaya a sashen ƙashi da zai kira duk wanda aka yi wa ɗori bayan mako shida, da kuma bayan shekara, ya tambaya ko hannu na kai baki, ko an koma aiki, ya rubuta, zai nuna wa hukumar asibiti inda take yin daidai da inda take zubar da ƙoƙarinta. Tambayar ta hau kan maɗora su ma. Maɗori na tuna waɗanda suka dawo da goro. Waɗanda aka wuce da su asibiti da tsakar dare ba sa komawa su ba shi labari, don haka yana iya shekara talatin da zuciya ɗaya bai san adadin hannayen da suka lalace a ɗaurinsa ba.

An gwada jawo su a jiki a kudancin Habasha, aka buga sakamakon a 2005. A shekara biyu kafin shirin, mutum 25 aka yanke wa hannu ko ƙafa a yankin saboda ɗaurin da ya matse. Sai aka shirya bita ta yini guda sau goma, masu maganin gargajiya 112 suka halarta, aka kuma horar da ma'aikatan lafiya na karkara. A shekara biyun da suka biyo baya adadin ya sauko zuwa 7. Ba a hana kowa sana'arsa ba. Abin da irin wannan bita ke bukata ta koyar kaɗan ne: a bar wa kumburi wuri, a bar yatsu a waje ana dubawa, karayar da ta fasa fata da ta gwiwar hannun yaro da gaɓar da ta ƙi komawa a tura asibiti a ranar. Kaduna na da abin da zai sauƙaƙa wannan, domin maɗora da wanzamai na da sarakunan sana'a, hakimai da masu unguwanni sun san gidan kowannensu. Takardar gayyata daga ma'aikatar lafiya kaɗai ƙila ta sa su zaci kamu ne su noƙe. In ta biyo ta fadar hakimi, aka yi zaman a cikin unguwa, da Hausa, likitan ƙashi ya zo da hotuna ya kuma bar musu lambar wayar da za su kira in sun ga ɗorin da ya fi ƙarfinsu, za su zo.